Ya ce gidan nawa ne, kotu ta sa shi cikin gado

Anti, assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Gidan da nake ciki a Ɗorayi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ya ce, "Gidan nan naki ne." Ina fita takaba 'ya'yan uwargida suka kai magana kotu, alƙali ya ce gidan gado ne, aka yi masa kuɗi miliyan 24. Gidan da ya ce nawa ne! Ni na tsaya a kan magina, har sarƙata da awarwarona na sayar aka yi rufi, ya ce zai mayar mini. Yaran da na ci da su, su ne yau ba sa gaishe ni. Anti, da bakinsa fa ya faɗa. Ina zan nufa da marayu?

Maman Biyu, Ɗorayi

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙansa. Ban ji ta bakin yaran ba, amma gaggawarsu ba ta yi mini daɗi ba.

Alƙali bai zalunce ki ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai da hauzi, wato a karɓi abin tun mai bayarwa yana raye da lafiyarsa. Miji ya ba matarsa gidan da yake zaune, bai fita ba har ya rasu, babu hauzi. Wasiyya kuma ba a yi wa magaji.

Maganar sarƙar nan da kika wuce a guje, ita ce shari'arki. "Zan mayar miki" bashi ne, bashi kuwa kafin gado ake fitar da shi. Ki koma kotun tun ba a raba ba, ki yi da'awarsa. Nemo rasit, da maƙerin zinaren da ya saya, da wanda ya ji alkawarin. Ana son maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwarki. Tunda mamaci kike bi, za ki ƙara rantsuwa cewa bai biya ba, ba ki kuma yafe ba.

A ce miliyan 4 ya tabbata: ki karɓa, saura 20. Tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na matan mamaci, miliyan 2.5 ne, ku raba da uwargida. Rabon 'ya'yanki daban.

Ku kuma maza, in kyauta kuke nufi, ku rubuta, ku kafa shaidu, ku sauya sunan takardar fili, ku kwashe kayanku daga gidan. Mata, kunyar cewa "a rubuta" ce take kai ku zaman bencin kotu da goyo a baya.