Faifan garmaho ya dawo kasuwa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Wasiƙu huɗu ne a gabana wannan makon, dukansu a kan faifan garmaho, musamman tsofaffin kundayen kiɗan rok da kamfanoni ke sake bugawa suna tsawwala musu kuɗi. Ta farko ce za ta fi cin lokaci, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya daga Kaduna: "Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ƙasa a Legas, ya bar mana faya-fayai kusan arba'in. A ciki akwai Band on the Run na Paul McCartney, amma yana ƙaraf-ƙaraf. Na ga sabon bugu a intanet, an ce an yi masa rimasta. Kuɗinsa da na dako sun kusa rabin albashina. Shin ya fi na Baba?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abin da ya bar maka ba na yarwa ba ne. Mafi yawan wannan kundi a Legas aka ɗauke shi a 1973, a situdiyon EMI da ke Apapa, wato a garin da mahaifinka ya yi aiki.

Kafin ka fitar da ko sisi, wanke faifan. Galibin ƙaraf-ƙaraf ɗin nan ƙura ce ta shekara da shekaru da ta daskare a layukan da allura ke bi. Nemi tataccen ruwa irin na kyamis da ƙyalle mai laushi marar gashi, ka riƙa shafawa kana bin zagayen layin, kada ka yanka shi a gicciye, kada kuma ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ka jingine shi a inuwa ya bushe. Na sha ganin faifan da aka fid da rai da shi ya dawo garau bayan wanki biyu.

Yanzu batun rimasta. A wancan zamani ana ɗaukar ganga, jita da murya kowanne a layinsa a kan babban tef, sannan a haɗa su a sauke a kan tef ɗaya, shi ne uwa. Daga uwar nan injiniya ke daidaita sautin, ya yanka faifan farko, a yi hatimin ƙarfe da shi, a buga dubbai. Rimasta shi ne a koma wa uwar a sake wannan aikin na ƙarshe. Rimis kuwa wani abu ne daban: a koma wa layukan tun daga tushe a sake haɗa su, a ɗaga wannan a sassauta wancan.

Dubi yadda aka yi da kundayen Beatles, tsohuwar ƙungiyar Paul McCartney. Bugun sitiriyo na 2012 daga fayil ɗin dijital na 2009 aka yanka shi. Bugun mono na 2014 kai tsaye daga tef aka yanka shi a situdiyon Abbey Road. Sannan Giles Martin, ɗan George Martin da ya shirya musu kundayen tun asali, ya sake haɗa kundin Sgt. Pepper a 2017 da kundin Abbey Road a 2019. Aiki uku ne mabambanta, amma a kanta duka "sabon bugu" ake ce musu. Saboda haka kalmar rimasta ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Tambayoyin da za ka yi su ne: daga me aka yanka, wa ya yanka, a wace masana'anta aka buga? Kamfanin da ya yi aikin kirki ba ya ɓoye wannan, a kan kwali yake rubutawa. In ka ga shiru, to ka yi hattara.

Akwai kuma abin da tsohon bugu ya fi sabo da shi. An yanka shi lokacin da tef yake ɗanye. Tef yana tsufa, wani ma ya salwanta. Gobarar da ta tashi a rumbun Universal a Kalifoniya a 2008 ta cinye uwayen tef masu yawa, kuma sai a 2019 girman asarar ya fito fili. Duk da haka ba na cikin masu cewa in dijital ya shiga abu ya lalace. A 2022 aka gano kamfanin Mobile Fidelity, wanda mutane ke saye da tsada bisa zaton tef ne zalla, ya daɗe yana ratsawa ta dijital kafin ya yanka. Magana ta kai kotu, aka sasanta. Amma masu kunnen da suka yi shekaru suna yabon faya-fayan nan ba su taɓa jin bambancin ba. Laifin kamfanin ɓoyewa ne, sautin kam yana da kyau.

Na Band on the Run da ka gani, in na cika shekara 50 ne da ya fito a 2024, Miles Showell ne ya yanka shi a Abbey Road da rabin gudu, daga kwafin dijital na tef ɗin asali, kuma sun faɗi haka ƙarara. Yanka da rabin gudu yana ba allurar yanka sarari ta zana siraran sautuka da kyau. Aiki ne mai tsabta. Sai dai rabin albashi ya yi yawa, ɗan'uwa. Wanke na Baba ka saurara. In akwai karcen da farce ke ji har allura na tsalle, sai ka jira wani mai zuwa daga waje ya riƙo maka, ka huta da kuɗin dako da na kwastan. Na Baba kuma ka adana shi ko da ka sayi sabo.

Tambaya daga Kumasi: "Kawu, kakana ya halarci wasan da Santana ya yi a Ankara, tun ina yaro yake ba ni labari, shi ya sa nake son faifan wasan dandali. Ina ganin wasu masu araha, an rubuta wai daga rediyo aka ɗauko, sunan kamfanin ban taɓa ji ba. In saya?"

Kakanka ya ga abin tarihi. Wasan Soul to Soul ke nan, ranar 6 ga Maris 1971 a dandalin Black Star da ke Ankara, babban birnin Gana, bikin cikar Gana shekara 14 da samun 'yanci, tare da su Wilson Pickett da Ike da Tina Turner.

Waɗannan masu arahar, yawancinsu ba da izinin mawaƙan aka buga su ba. Wani ya samo tsohon kaset na shirin rediyo, ko ma fayil daga intanet, ya kai masana'anta. Sana'ar ta daɗe: tun 1969 aka fitar da faifan sata na rangadin Rolling Stones a Amurka, shekara ta zagayo su ma suka fitar da nasu na halal. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa ka ji kamar daga bayan katanga kake sauraro. Ka nemi wasan a YouTube ka ji tukuna, abin da ka ji can shi za ka samu a faifan, ba zai ƙaru ba. Ka kuma ƙirga mintuna. Fuska ɗaya ta faifai tana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 22 cikin walwala. In aka cusa wasan awa guda a faifai ɗaya, dole a matse layukan, sauti ya yi ƙasa, ganga ta rasa nauyi.

In kana son ka fara da na gaske, ga Made in Japan na Deep Purple, da aka ɗauka a Osaka da Tokyo a watan Agusta 1972, faifai biyu ne, kiɗan ya samu wurin numfashi. Ga Live at Leeds na The Who, ranar 14 ga Fabrairu 1970. A nan ka lura: bugun asali waƙa shida ne kacal, bugun baya an ƙara masa da yawa, don haka ka karanta bayan kwali ka san wanne kake saye. Ka kuma sani ba duk abin da aka ce na dandali ne yake zalla ba. Live and Dangerous na Thin Lizzy, 1978, wanda ya shirya shi, Tony Visconti, ya ce an yi masa gyara mai yawa a situdiyo, 'yan ƙungiyar suka musanta. Kundin Fela da Ginger Baker na 1971 kuwa a cikin situdiyo a Landan aka ɗauke shi, da 'yan kallo da aka gayyato. Wannan bai rage masa daɗi ba, ni dai ina so mai saye ya san abin da ya riƙe.

Tambaya daga Sakkwato: "Malam, yayana da ke Amurka zai aiko mini da na'urar kunna faifai. In ce ya sayi irin mai kama da akwati, mai sifika a jiki?"

A'a, 'yar'uwa. Hannun irin waɗannan yana danna allura da nauyin giram biyar ko fiye, alhali na kirki giram biyu yake buƙata ko kusa da haka, kuma ba su da wurin daidaitawa. Faifai mai tsada a kan irin wannan na'ura asara ce. Ko ƙaramar na'urar kamfanin Audio-Technica ta fi ta nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wuta. Ta Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu 230 ce mai bugu 50. Taransifoma tana gyara bolt, amma ba ta gyara bugun. Akwai na'urorin da injinsu ke bin bugun wutar gida wajen juyawa. In kika kawo irin wannan daga can, za ta riƙa jan ƙafa, muryar mawaƙi ta yi kauri. Haka in janareto yana hawa yana sauka, za ki ji kiɗan yana tangaɗi. Ki ce wa Yaya ya duba bayan na'urar ko jikin adaftarta, ya tabbata an rubuta 100 zuwa 240 da kuma 50/60. Ya tambaya ko tana da ƙaramar amfilifayar allura a ciki, domin sautin da allura ke fitarwa siriri ne ƙwarai, in babu ita ba za ki ji komai a sifika ba sai raɗa. Ya haɗo da allurar canji guda ɗaya, don samunta a nan aiki ne.

Tambaya daga Damagaram: "Ranka ya daɗe, faifai mai giram 180 ya fi sauti? Kuma zai jure zafinmu?"

Nauyi ba ya ƙara sauti. Zurfin layi ɗaya ne, ko a mai giram 180 ko a mai 130, tun wurin yanka aka gama magana. Mai kauri ya fi daɗin riƙo, ya ɗan fi zama daram a kan faranti, shi ke nan. Masu launi ma ado ne, masu hoto a jiki kuwa sun fi baƙin faifai surutu.

Zafi kuma ba ya jin kunyar kauri. Wata shekara a watan Afrilu na karɓo faifai biyu daga tasha, na ajiye su a kujerar baya, na shiga sallar azahar na ɗan tsaya gaisawa da mutane. Da na dawo na zaro na saman, gefensa ya kantare kamar bakin faifan kaba da ya sha ruwa. Na ɗora shi a gida, hannun allura yana hawa yana gangarowa, ya kai waƙa ta biyu ya yi tsalle. Na danne shi tsakanin gilashi biyu wata guda, bai koma daidai ba.

Ka jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka tula wani kan wani, kada kuma su jingina a karkace. Ka nisanta su da taga da bangon da rana ke duka da yamma, in ɗakin rufin kwano ne marar silin ka sauko da su kusa da ƙasa, amma ba a kan siminti ba saboda damina. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai yana jan ƙura da kansa, don haka ka share shi da burushi mai laushi kafin kowane kunnawa, ka rufe murfin na'ura, ka canza tsofaffin rigunan takarda na ciki da na leda masu santsi. In za ka yi oda daga waje, ka roƙi mai sayarwa ya fitar da faifan daga kwalinsa ya ɗaure su gefe da gefe don kada ya tsaga kwalin a hanya, ka kuma auna lokacin yadda kayan za su iso tsakanin Nuwamba da Janairu.