Hajiyarmu tana ɓoye maganin ciwon daji a ƙarƙashin filo

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Hajiyarmu ce, shekarunta 68, likita ya ɗora ta kan ƙwayar capecitabine saboda ciwon dajin hanji, to jiya ina gyara mata gado sai na tarar da guda shida ƙunshe a leda ƙarƙashin filo. Wai tafin hannunta ke zafi yana saɓewa, ita ta gaji. Wallahi sai da na yi kuka. Ya zan yi?
Daga wata 'yar uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Don Allah kar ki yi mata faɗa, abin da ta faɗa gaskiya ne, maganin nan an san shi da sa tafin hannu da na ƙafa su yi jajur suna raɗaɗi, wani lokacin har da zawo da gyambon baki. Dattijuwa kuma ba ta son ta yi ta ƙorafi gaban 'ya'yanta, shi ya sa ta yi shiru ta ɓoye.

Ku koma asibiti yau ko gobe, kar ku jira ranar kilinik, ki tafi da ledar nan ki nuna ma likita ki faɗa mashi kwana nawa ba ta sha ba, shi ke da ikon rage mata ko ya ce a dakata har hannun ya lafa. Wanda ta tsallake kuma ya wuce, kar a haɗa mata biyu wai ramuwa.

In an ce ta ci gaba, mutum ɗaya ya riƙe maganin, ke ko wata, ba kowa ya shigo gaisuwa ya ce "Hajiya kin sha?" ta ce eh ba. Yawanci sau biyu ake sha a rana cikin minti 30 bayan cin abinci, kwana 14 sannan hutun kwana 7, amma ki bi abin da aka rubuta mata. Ki riƙa ba ta shi bayan ta sha kokon safe da kuma bayan ta ci tuwon bayan Magariba, ki zauna kusa da ita kuna hira har ta haɗiye da ruwa, sai ki yi maki a kalanda. Ba a daka shi, ba a tauna shi. Ki ajiye inda rana ba ta bugu kuma jikoki ba su kaiwa, ki wanke hannu, mai ciki kar ta taɓa.

Jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa da maganin hawan jini ko suga, duk ki zuba a jaka likita ya gani. In zazzaɓi ya kai 38 ko zawo ya ƙi tsayawa, ko da tsakar dare ne ku kai ta asibiti.