Shin sha'awar jinsi ɗaya gado ce?

Ɗan'uwa daga Bauchi, ka tambaya ko ana haifar mutum da ita. Wani bincike na 2019 a kan mutum kusan 500,000 bai gano ƙwayar gado guda da ke jawo ta ba. Gado na da ɗan hannu, haka ma sinadaran jiki tun a mahaifa: namiji mai yayye maza da yawa ya fi yiwuwar samun ta.

To idan gado na da hannu, me ya hana ta ɓacewa? Masana a Italiya sun lura mata 'yan'uwan maza masu wannan sha'awa ta wajen uwa sun fi haihuwa, amma hasashe ne har yanzu.

Kada ka kashe kuɗi wajen masu da'awar magani. Idan damuwa ta hana barci, a ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi.