Dutsen Ziyolait Zai Iya Raba Man Gas da Farar Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa dutsen ziyolait da ake haƙowa daga ƙasa zai iya maye gurbin kayan tsadar da matatun mai ke amfani da su wajen cire farar wuta daga man gas. Shin haka abin yake? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗalibi. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙarin gishiri.

A matata, ana haɗa mai da iskar haidurojin a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 400 a ma'aunin Selshiyas cikin matsi mai tsanani, sannan a bi da shi ta kan ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da molibdenam tare da kobal ko nikel. Waɗannan ƙarafa su ne ke ɓalle farar wuta daga jikin mai, ta fita a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sai dai suna buƙatar shimfiɗar da za a baza su a kanta, kuma alumina, wato sinadarin da ya ƙunshi alminiyam da oksijin, ita ce ta daɗe tana wannan aiki. Gurbinta ake nema wa ziyolait.

Ziyolait na asali yana samuwa ne inda tokar aman wuta ta daɗe cikin ruwa mai kanwa, kuma ana haƙo shi da yawa a Sin da Turkiyya da Indonesiya. Yana da araha, yana jure zafi, jikinsa kuma cike yake da ramuka kamar saƙar zuma. Matsalar tana cikin ramukan ne, domin faɗinsu bai kai nanomita ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), alhali sinadaran farar wuta mafiya taurin kai a cikin man gas, dangin dibenzotiyofin, manya ne da ba sa iya shiga, saboda haka ƙarfen da aka baza ya maƙale a cikin ramukan ya zama asara. Shi ya sa masu bincike ke wanke dutsen da asid ko da soda don buɗe ramukan, amma idan wankin ya yi yawa tsarin dutsen yakan rushe. Bugu da ƙari, dutsen kowace mahaƙa daban yake, ita kuwa matata ba ta son kayan da halinsa ke canzawa daga wannan lodi zuwa wancan.

A ganina binciken ya cancanci a zuba masa kuɗi, musamman a yankinmu, inda ECOWAS ta amince a 2020 cewa farar wuta a man da ake shigowa da shi kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, yayin da Tarayyar Turai ta sauko zuwa 10 tun 2009, mu kuma muke shaƙar hayaƙin manyan motoci da janareto kullum. Idan fannin ya burge ka, nemi ayyukan sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka sarrafa ziyolait daga farar lakar Ƙanƙara, ka gwada su da sakamakon dutsen asali.