In saka AI tun a sigar farko ta manhajata?

Tambaya: Malam, ina haɗa manhajar da 'yan kasuwar Kantin Kwari za su riƙa rubuta ciniki da bashi. Abokaina sun ce in babu AI, wato ƙirƙirarriyar basira, a ciki, ba mai kallonta. In saka tun yanzu ko in jinkirta?

Amsa: Ɗan'uwa, ka jinkirta. Abin da ke hana mai shago barci shi ne wa ya karɓi turmin atamfa nawa, nawa ya bayar, nawa ya rage. Wannan tarawa ce da ɗebewa, kuma wayar hannunsa za ta yi ta daidai ko babu sabis. Ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT kuwa hasashen kalma mai zuwa take yi, shi ya sa takan kawo lambar da ba ita ba, ba tare da ta nuna shakka ba. Ranar da manhajarka ta ce Alhaji na bin dubu 350 alhali dubu 530 ne, littafinsa zai koma, kuma sai duk layin sun ji labari.

Ga maganar kuɗi. Kamfanonin AI irin su OpenAI da Google da dala suke caji, gwargwadon rubutun da ya shiga da wanda ya fita, kuma Hausa takan fi Turanci ci saboda yadda injin ke gutsuttsura kalmominmu. Kai kuwa naira za ka karɓa. Dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Sannan sunayen masu bashi da lambobinsu amana ce. Kafin ka tura su kwamfutar wani kamfani a waje, ka karanta dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Wuri ɗaya ne nake ganin AI zai iya zama ginshiƙin aikinka: murya. Da yawa daga 'yan kasuwarmu sun fi son faɗa da baki a kan dannawa, balle lokacin da shago ya cika. Amma wannan ma a gwada shi kafin a gina. Samu mutum goma, su riƙa turo maka saƙon murya ta WhatsApp, kai kana shigar da lissafin da hannunka na wata guda. Za ka ji yadda ake cewa "jaka biyar" ana nufin naira dubu, ga hayaniyar kasuwa a baya. In sun ci gaba da turowa ba ka roƙe su ba, to ka saka murya a siga ta biyu, da sharaɗin mai shago ya ga lambar ya tabbatar kafin a ajiye ta.