Amsar tambayar Yaya kan rashin lafiyar yaron nan

Assalamu alaikum, 'yan gida. Yaya, na saurari muryarki. Yanzu na fito daga aiki, ga sanyin Jos ya shaƙe min murya, a yi haƙuri.

Kin ce yaron nan yana tari da jini, an gwada majinarsa sau biyu ba a ga tibi ba, ƙafarsa ta kumbura, likitoci sun ce jini ya daskare a ciki amma sun ƙi ba shi maganin tsinka jini. Kina ganin kamar sakaci ne. Wallahi Yaya ba sakaci ba ne, daidai suka yi.

Kin san tiyon ban ruwa na masu lambu? Idan wani waje ya yi rauni sai ya yi ƙululu kamar balan-balan, ruwa na matsawa ya fashe. To haka hoton ƙirjinsa ya nuna a jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. Jinin da yake tofarwa daga nan yake tsattsafowa. A ba shi warfarin, wato maganin tsinka jinin, a wannan hali, in ƙululun ya buɗe, Allah Ya kiyaye, jinin ba zai tsaya ba.

Ciwon da suke zargi sunansa Behçet, sunan likitan fata ne ɗan Turkiyya da ya bayyana shi a 1937. Garkuwar jiki ce take juyowa ta riƙa cin bangon jijiyoyi. An fi samunsa a Turkiyya da Iran har zuwa Japan, mu nan ba kasafai ba, shi ya sa duk wanda ya yi tari da jini sai mu ce tibi. Kuma wannan na huhun samari maza ya fi kamawa.

Ni kaina laifi nake gani. Kin tuna Babbar Sallah da ya kasa cin nama saboda gyambon baki, yana ta tauna gefe guda, muka ce zafi ne? Ashe alama ce. A tambaye shi a keɓe, namiji ya tambaye shi, ko irin gyambon ya taɓa fito masa a gaba. Yara ba sa faɗa.

Daskarewar jinin ma kumburin jijiyar ne ya jawo ta, don haka kumburin ake kashewa tukuna: allurar sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kumburi, sannan ƙarin ruwa na cyclophosphamide, maganin danne garkuwar jiki, wata-wata. Sau da yawa ƙululun yakan lafa.

Don Allah kada kowa ya ba shi asfirin, kuma a lallaɓa Goggo ta ajiye jiƙonta. Ko jini cikin cokali ya tofar, a kai shi asibiti ko da tsakar dare. A kuma nuna shi ga likitan ido, don ciwon yana makantarwa. Gobe bayan La'asar zan leƙo in ga takardun, in sha Allah.