Amsa ga Yaya kan injin nan mai ba da shokin

Assalamu alaikum. Yaya, na ji saƙonki tun da asuba, yanzu na samu sarari. Kin ce ko injin nan mai batir da ake mannawa a jiki yana ba da ɗan shokin zai yi wa Baba maganin murar da ta sauka masa a ƙirji. Na san dai nufinki ko za a fasa kai shi asibiti. A'a, wallahi a'a.

Wutar nan ba ta kashe ƙwayar bairos, ta mura ce ko ta korona. Tsoka kawai take motsawa. Mu a sashen gashin ƙashi na asibiti muna sa wa wanda ya daɗe a kwance ne, musamman wanda aka ɗora a injin numfashi. Mutum ya yi mako biyu ba motsi, cinyoyinsa sai su zube, huhu ya warke amma ko alwala ba ya iya tashi ya yi. To nan take da rana. Kuma a cinya muke mannawa, ba ruwanta da numfashi... to, bari in gyara, akwai wadda ake ɗorawa a gefen wuya tana taɓa wata jijiya, bagus ake ce mata. Hukumar magunguna ta Amurka ta ba ta izinin gaggawa a Yulin 2020, don masu asma da korona ta kama. Amma likita ke rubuta ta, ba ita ake yawo da ita a Sabon Gari ba.

Kun manta Kawu? Wancan hunturun wani mai talla ya sayar masa da irin wannan, wai tana narkar da majina. Kwana huɗu yana manna ta a ƙirji, yana haki, ni ba wanda ya gaya mini. Sai da leɓensa ya canja launi aka kira ni. Oksijin yake buƙata tun ranar farko! Har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake, da hularsa da tasbaha, yana rantsuwa, har da cewa daga Jamus aka... a bar shi dai.

Sannan mai batirin zuciya, mai farfaɗiya, mai juna biyu, kada su taɓa ta sai da izinin likita.

Baba kuwa, tunda kin ce magana ma sai yana tsayawa ya ja numfashi, ku shirya shi mu tafi asibitin Shika. Ku ɗauko magungunan hawan jininsa. Ina sallar azahar zan taho da mota, in sha Allah.